Kamfani Ba Shi Da Baki, Wanda Ya Yi Ƙaryar Shi Zai Biya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani a fadamun Kebbi suka shiga neman yadda za su shayar da shinkafa ba tare da jarkar fetur ta cinye ribar ba. Wasu suka mayar da injinansu masu shan gas, wasu suka koma famfon sola. Duk inda buƙata ta taru haka kuwa, masu kaya za su biyo ta, na kirki da na banza. Kwanakin baya na zauna a wani zaman sulhu a kan ɗaya daga cikin na banzan, abin da na ji a wurin har yanzu yana ci mini rai.

Wani bawan Allah ne ya je wa ƙungiyar manoma da takardun kamfaninsa, ga lambar rajista, ga hatimi. Ya ce famfunan suna tashar jiragen ruwa a Legas, kwastan kawai ake jira, duk wanda ya ba da kafin alƙalami yanzu zai karɓi nasa kafin a fara dashe. Mutane suka fito da buhunan da suka ajiye suka sayar, wasu suka kai bisashe kasuwa. Aka yi dashe, aka yi yanka, ba famfo ba dalilinsa. Da bincike ya yi bincike sai ta bayyana ko odar kayan ba a taɓa yi ba.

Ya zo zaman da lauyansa, ya ce cikin natsuwa: "Ni ba wanda ke bi na ko kwabo. Kamfani ake bi, kamfani kuwa ya durƙushe. Ku duba rasit ɗinku, sunan wa ke kai?" Wani dattijo daga cikin manoman ya ce masa: "Alhaji, mu ba mu san kanfani ba. Kai munka gani, kai munka ba kuɗɗinmu." Lauyan ya yi murmushi, irin na wanda yake ganin ya san abin da ƙauyawa ba su sani ba.

Ni a wurina dattijon nan ya fi lauyan gaskiya. Daraktan kamfani da ya faɗi abin da ba haka yake ba, da bakinsa ko da sa hannunsa, har wani ya saki kuɗinsa saboda wannan magana, to ya biya daga aljihunsa, ko kamfanin na da rai ko ya mutu. In yana da gida a Gesse ko a Abuja, gidan ya shiga lissafi. Kuma bai kamata a ce sai wanda aka cuta ya tono abin da ke cikin zuciyar daraktan kafin kotu ta ba shi haƙƙinsa ba.

Abin da rajista ta yi wa ɗan kasuwa alkawari

Lauyan ba ƙirƙirar maganarsa ya yi ba. A doka, kamfani mai rajista kamar mutum ne mai zaman kansa: yana mallakar dukiya, yana cin bashi, ana kai shi ƙara da sunansa. Mai hannun jari ba ya asarar fiye da abin da ya zuba.

Daga Ingila muka gaji wannan, daga shari'ar wani mai sana'ar takalma a Landan, Aron Salomon, wanda ya mayar da sana'arsa kamfani a 1892. Dokar lokacin tana son mutum bakwai, sai ya sa matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa da hannun jari ɗaya, shi kuma ya riƙe 20,001. (Wanda ya taɓa leƙa takardun kamfanonin garin nan zai ce ai wannan ɗan gida ne.) Kasuwa ta juya masa baya, kamfanin ya karye, masu bin bashi suka ce a kama Salomon tunda shi ne kamfanin. Kotu mafi girma a Ingila a wancan zamani ta ce a'a, Salomon daban, kamfaninsa daban. Wannan hukunci na 1896 shi ake koya wa duk ɗalibin lauya a Najeriya har gobe.

Ba na faɗa da wannan ƙa'ida. Ba don ita ba, wa zai zuba biliyoyi ya kafa injin casar shinkafa a Argungu ko Birnin Kebbi, alhali ya san in kasuwa ta faɗi har gidan da iyalinsa ke kwana za a sayar? Amma akwai abin da masu kafa hujja da Salomon ba sa son ambata. Alƙalan sun duba, ba su same shi da zamba ba. Mutum ne da kasuwa ta kayar. Kariyar da aka ba shi ta karyewar jari ce, ba wanda ya ba shi lasisin yin ƙarya.

Direban tirela da ya take mutum a hanyar Jega zuwa Yauri saboda ganganci ba ya cewa a je a tambayi mai mota. Ana iya bin mai mota diyya, tunda a bakin aikinsa aka yi ɓarnar, amma hakan bai wanke direba ba, shi ne a kan sitiyari. Haka darakta yake. Kamfani na iya ɗaukar alhaki, shi ma mai bakin ya ɗauka.

Ita kanta Ingilar da ta haifi ƙa'idar haka ta yanke. A 2002, a shari'ar bankin Standard Chartered da kamfanin jiragen ruwa na Pakistan, wani manajan darakta ya shirya an sa kwanan wata na ƙarya a takardar lodin kaya don banki ya biya. Da aka kama shi sai ya ce a madadin kamfaninsa ya yi. Kotun ta ce ba wanda zai kuɓuta daga zambarsa don kawai ya ce wa wani ya yi wa ita. Aka ɗora masa biya shi da kansa.

"Ai akwai doka"

Wannan ce amsar farko da lauyoyi ke ba ni, kuma gaskiya ne, akwai. Sashe na 316 na dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020, kamar don manoman nan aka rubuta shi. Ya ce idan kamfani ya karɓi rance don wani aiki takamaimai, ko ya karɓi kuɗin kafin alƙalami don wata kwangila, sannan da niyyar zamba ya ƙi kashe kuɗin a kan abin da aka karɓa dominsa, to duk darakta ko jami'in da ke da hannu zai biya da kansa. Tsohuwar dokar 1990 ma tana da shi.

To me ya sa ba mu cika jin an yi amfani da shi ba? Saboda waccan niyyar zamba. Dokar shaida ta 2011 ta ce in ka zargi mutum da aikata laifi, ko da a ƙarar neman haƙƙi ce, sai ka tabbatar da shi har ba sauran kokwanto, daidai da yadda ake yi a shari'ar kisan kai. Yanzu manomi daga Suru ko Bunza, wanda rasit ɗaya da shaidun baka ne duk abin da ya mallaka, shi zai tabbatar da abin da Alhaji ya ƙulla a ransa ranar da ya karɓi kuɗi? Littattafan kamfanin suna hannun Alhaji. Bayanan asusun banki suna hannun Alhaji. Abin da zai ce kawai shi ne ya yi niyyar kawo kaya, dala ce ta tashi.

Akwai kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta hana tallar ƙarya da bayanin yaudara a kan kaya. Hukuncinta ba wasa ba ne: mutum na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5 ko tarar da ta kai naira miliyan 10, kamfani kuma tarar da ba ta gaza miliyan 100 ba ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na bara, sannan ana iya gurfanar da daraktocinsa. Hukumar tana da haƙora, ita ce ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024. Sai dai tara aljihun gwamnati take shiga. Kuma dokar, wajen bayyana wane ne mai saye, ta cire wanda ya sayi kaya don ya sake sayarwa ko don ya samar da wasu kayan sayarwa da su. Lauya mai wayo zai miƙe ya ce manomin shinkafa da ya sayi famfo ɗan kasuwa ne, dokar ba da shi take ba.

Saboda haka doka tana nan, amma ƙofarta ta yi wa talaka ƙunci.

Ostireliya ta bi wata hanya tun 1974. Dokarsu ta ce kawai kada a yi abin da zai yaudari mutane, ko mai yiwuwa ya yaudare su, a harkar ciniki. Ba a tambayar niyya. Abin da kotu ke dubawa shi ne: an faɗi abin da ba haka ba? Wani ya dogara da shi? Ya yi asara? Kuma ɗan kasuwa ma yana iya kai ɗan kasuwa ƙara da ita. Wannan ma'auni nake so a kawo mana, aƙalla a kan abin da darakta yake da halin sani. Ko kaya suna Legas ko ba sa Legas, ba gaibu ba ne a wurin mai kamfani.

"Za ku kori masu zuba jari"

Wannan ƙorafi yana da nauyi, ba zan wofintar da shi ba. Kasuwanci a ƙasar nan tafiya ce cikin duhu. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 har ƙarshen 2020. Ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi, ta tafi da bashin da aka ci aka zuba a cikinsu. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 aka sake garƙame iyaka, 'yan kasuwar Kamba sun san abin da suka gani. Dala kuwa daga wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mutanen kirki da yawa sun karɓi kuɗin mutane da zuciya ɗaya, suka wayi gari kuɗin ba za su sayi rabin kayan ba. In aka ce duk wanda ya kasa cika alkawari a sayar da gidansa, an yi zalunci.

Amma ba wannan nake nema ba. Akwai tazara tsakanin "ina sa ran kaya za su iso wata mai zuwa in Allah ya so" da "kaya suna Legas". Ta farko fata ce, kowa ya ji ya san tana iya saɓawa. Ta biyu labari ne a kan abin da ke nan yau, ko dai gaskiya ne ko ƙarya. Wanda ya ce irin albasarsa ingantacce ne alhali a kasuwa ya auno shi ya zuba a gwangwani mai tambari, manomin Aliero ya shuka ya ga ganye ba kai, wannan dala ba ta da laifi a cikinsa. Wanda ya ce filayen da yake yankawa suna da takardar gwamnati alhali bai ko shigar da nema ba, ambaliya ba ta taɓa shi ba. Wanda ya ce ya riga ya kama wa maniyyata Umara kujerun jirgi da masauki, alhali kuɗinsu ya tafi biyan bashin bara, rufe iyaka bai shafe shi ba.

Mu da muka tashi a ƙasar Gwandu bai kamata wannan bambanci ya zame mana baƙo ba. A babin ƙirali na fiƙihun Malikiyya, wanda aka ba dukiya ya juya amintacce ne. In aka yi asara ba da sakacinsa ba, mai dukiya ne ya yi asara, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Amma in ya saɓa sharaɗi, ko ya yi ta'adi, ko ya ci amana, to lamuni ya hau kansa. Malamanmu sun raba asara da ha'inci tun ba a haifi kakan Salomon ba.

Hadisin da Muslim ya ruwaito ma kowa ya san shi. Manzon Allah (SAW) ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. A lura, ba a zarge shi da saukar da ruwan sama ba. Ɓoyewar aka kama shi da ita.

Mai jari na gaskiya ba abin da zai tsorata shi a nan. Hasali ma shi ake cuta yanzu, don duk ranar da wani ya gudu da kuɗin manoma, kamfanin kirki da zai zo bayansa sai ya sha wuya kafin a yarda da shi.

Matar da aka sa sunanta, da babban mutumin da ya ba da aron nasa

Nan ne abin yake da sarƙaƙiya. A jiharmu, in ka buɗe takardun ƙananan kamfanoni da yawa, daraktocin su ne maigida, uwargida, da babban ɗa. Sau da yawa an karɓi hoton Hajiya da lambarta ta NIN ne kawai aka ce ta sa hannu a nan. Ba ta san ofishin ba, ba ta taɓa ganin ko sisin kamfanin ba. A da akwai uzuri, don tsohuwar doka tana son aƙalla mutum biyu. Dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfaninsa, ƙaramin kamfani kuma ya zauna da darakta ɗaya, amma al'adar ba ta mutu ba.

Shin in maigida ya yi ƙarya sai a kama Hajiya? Ni ban yarda ba, kuma a nan ina ganin dokar masu saye ta yi faɗi da yawa da ta ce kowane darakta. Alhaki ya bi wanda ya furta, da wanda ya ba da umarni a furta, da wanda ya sani ya yi shiru yana cin riba. Wadda ba ta ji ba ba ta gani ba, a bar ta. Sai dai ina roƙon iyayenmu mata da ƙannenmu su daina miƙa hoto da sa hannu ba tambaya, don ranar da abu ya ɓaci sunan da ke rubuce shi ake fara nema, kafin a gane ba ruwanki an riga an sha zirga-zirga.

Wanda ba na tausaya wa shi ne babban mutum mai ba da aron suna. Kowa ya san su. Tsohon babban sakatare, ko mai sarauta, ko malamin da ake ji da shi, a sa shi shugaban daraktoci, a buga hotonsa a takardar talla, ya zo bikin buɗewa da babbar riga ya yanke zare. Talaka ba ya karanta rahoton kuɗi, fuska yake karantawa. In ya ga wane a ciki, shi ke nan, ya saki jiki. Ranar da abin ya fashe sai ka ji: "Wallahi ni ma sa ni aka yi, ban san abin da suke yi ba."

Ranka ya daɗe, to me aka sa ka ka yi? Alawus ɗin zama da kake karɓa na mene ne? Sunanka shi ne jarin da ka zuba, kuma da shi aka karɓi kuɗin mutane. In ka tsaya gaban jama'a ka ce kamfanin nan na ƙwarai ne, na san su, ku shiga, to ka yi magana, maganarka kuma tana da farashi. Doka ta ɗora wa darakta ya kula, ya tambaya, ya duba. Wanda ya rufe ido da gangan don kada ya gani, ni a wurina ya gani.

Akwai kuma na uku, wanda ya fi su duka wayo: mai kamfanin na ainihi da sunansa ba ya ko'ina. Direbansa ne darakta, yaron shagonsa ne sakatare. Dokar kamfanoni ta san da shi, ta ce duk wanda daraktoci suka saba aiki da umarninsa shi ma darakta ne. Tun 2023 kuma hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta buɗe rajistar masu iko na ainihi, inda ya kamata a bayyana duk mai kashi 5 cikin 100 ko fiye. Ko ana cika ta da gaskiya, wannan wata magana ce.

"Su ma kwaɗayi ya kai su"

Duk lokacin da aka yi irin wannan sai ka ji an ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A kan masu zuba kuɗi a ninka musu cikin wata guda, akwai ƙamshin gaskiya. An ga MMM a 2016, aka sake ganin CBEX a Afrilun 2025, mutane ba su daddara ba. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta sa wa masu shirya irin wannan ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko duka biyun.

Amma manomin da ya biya kuɗin famfo wane kwaɗayi ya yi? Ruwa yake son kai wa gonarsa. Kuma ko da mutum ya yi sakaci, sakacinsa ba ya halatta wa wani dukiyarsa. A waccan shari'ar ta 2002 an ce wa kotu bankin ma ya yi sakaci, a rage masa diyya. Kotun ta ƙi, ta ce wanda ya yi yaudara da gangan ba zai fake da cewa wanda ya yaudara bai yi hattara ba.

Sannan ina ake so talaka ya bincika? Takardar CAC ta gaske ce, lambar ta gaske ce. Abin da mutane ba su gane ba shi ne rajista shaida ce cewa kamfanin yana nan, ba ta ce yana da ko kwabo ba. Mafi ƙarancin jarin da doka ta nema ga kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, kuɗin da ba zai sayi famfo ɗaya ba. Da wannan mutum zai karɓi miliyoyin jama'a, in ta ɓaci ya nuna musu kamfanin ya ce ga wanda za ku bi.

Bankuna sun san haka sarai. Shi ya sa galibi ba sa ba ƙaramin kamfani rance sai darakta ya sa hannu cewa in kamfani ya gaza shi zai biya. Mai ƙarfi ya kare kansa da takarda. Manomi ne kaɗai aka bari da hatimi.

Ofishin 'yan sanda ba kotu ba ne

Da yake hanyar kotu ta yi tsawo, mutane sun ƙirƙiro tasu: a kai mutum caji ofis a kulle shi har danginsa su haɗa kuɗi. Na fahimci zafin da ke kai mutum ga haka, amma ba na goyon baya. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Kuma wa wannan hanya ke ci? Ƙaramin ɗan kasuwar da dala ta karya shi ke kwana a bayan kanta. Babban ɗan damfara kuwa yana da lambar wayar da zai kira.

Inda zamba ta fito fili, nan aikin 'yan sanda da EFCC ne, ofishinta na Sakkwato shi ke kula da Kebbi da Zamfara. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya da ƙarya, ta kuma ba kotu ikon sa shi ya mayar. Kuma ƙasar nan ta taɓa nuna tana iya taɓa manya. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta bankin Oceanic wata 6, ta ƙwace kadarorin da suka kai kusan naira biliyan 190. Ba wanda ya ce banki ne ya yi, ba ita ba. In an iya bin shugabar banki har gida, ban ga abin da ya sa mai kamfanin ɗaki ɗaya a Birnin Kebbi zai gagara ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne komawa. Mutum ya bar kamfani ya mutu da bashin jama'a, bayan 'yan watanni ya yi rajistar sabo ta intanet, ya canza allo, ya koma Gusau ko Kontagora ya ci gaba. Dokarmu ta ba kotu ikon hana wanda aka samu da zamba zama darakta har shekara 10. A Ingila hanin yana kai shekara 15, kuma sunayen waɗanda aka hana suna nan a fili kowa ya duba. Ya kamata a ce shugaban ƙungiyar manoma a Bagudo zai iya buga sunan mutum a wayarsa ya ga kamfanoni nawa suka mutu a hannunsa.

Abin da ke hannunmu

Kafin doka ta gyaru, ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa su yi abin da banki ke yi. Duk wanda zai karɓi kafin alƙalami ya rubuta da sunansa na yanka cewa shi ya lamunce, a gaban shaidu. In ya ce kaya suna Legas, ya nuna takardar lodi, ko ya maimaita maganar a saƙon murya na WhatsApp, a ajiye, don kotu tana karɓar shaidar na'ura. In ya ƙi sa hannu, ya riga ya ba ku amsa. Hakimai da jami'an Hisba da ke zaman sulhu kuma kada takardar rajista ta rufe musu baki. Su tambayi me aka faɗa ranar karɓar kuɗi, wa ya faɗa, kuma a ranar haka abin yake ko ba haka ba.

Gyaran CAMA aikin Majalisar Tarayya ne, tunda rajistar kamfanoni tana cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe mata. Kebbi tana da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 8, Zamfara tana da 3 da 7. Ko ɗaya daga cikinsu ya kawo ƙudurin da zai ce in an tabbatar kamfani ya karɓi kuɗi don abu kaza kuma bai yi ba, nauyin bayanin inda kuɗin suka tafi ya koma kan darakta, tunda shi ke riƙe da littattafan.

Amma ba lallai sai an jira Abuja ba. A 2006 kotun ƙolin Ostireliya ta sa wasu ma'aikatan kamfani biyu su biya wani ɗan kasuwa da kansu saboda bayanin da ba daidai ba da suka yi masa a kan tsarin karɓar kuɗi ta intanet. Da dokar jihar Biktoriya aka kama su, don dokar tarayya ta lokacin kamfani ta ambata, ta jihar kuwa ta ce kowane mutum. Legas tana da tata dokar kare masu saye, ta kuma buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, inda mutum zai shigar da ƙara ba sai da lauya ba. Majalisar dokokin Kebbi tana iya yin doka da za ta hana kowane mutum yaudara a ciniki cikin jihar, ta saka manomi da ƙaramin ɗan kasuwa cikin waɗanda take karewa, ta kuma ba kotun majistare ta Argungu ko ta Yauri ikon sauraren ƙarar, don kada kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ya cinye abin da ake nema.